Furojet ɗin Kunna Esi da Waya: A Kai Shi Balan a Gwada Tukuna

Duk shekara idan lokacin zaɓen furojet ya zo, akwai taken da ba ya ɓacewa a sashen lantarki da na kwamfuta: yadda za a riƙa sarrafa na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, da wayar hannu maimakon rimot. Bara an yi shi, bana ma ga shi nan ana ta kai wa malamai. Ni ba na cikin masu cewa a hana, domin akwai ilimi a cikinsa. Maganata ita ce, yadda muke yin sa, gidan wani mutumin Amurka muke yi wa aiki, gidan da wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa. Duk wanda yake ganin na yi zafi, ya ɗauki na'urar da ya haɗa ya kai ta Balan ko Kademi a ƙasar Gaya, ko Toranke a Ajingi, ya jona ta ya bar ta kwana bakwai, sannan ya zo mu yi magana.

Bari in ɗan yi wa 'yan sashen akanta da gudanarwa bayani, kada su ce mun bar su a baya. Rimot ɗin esi yana magana da ita ne da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infrared. Idan ka saita kyamarar wayarka a bakin rimot ka danna, a wayoyi da yawa za ka ga ɗan hasken yana ƙiftawa. To abin da ake sayarwa a kasuwa, irin su Broadlink da Sensibo da tarin na'urorin da ke aiki da manhajar Tuya, ba komai ba ne illa rimot na biyu da aka haɗa da Wi-Fi. Ka danna a waya, saƙo ya bi intanet, na'urar ta ƙifta wa esi hasken, esi ta tashi. Mu kuma a nan, ɗalibi ya sayi ɗan allon ESP32 ko ESP8266, ya jona masa ƙwan infrared, ya kwafo lambobin shirin daga YouTube, ya sa a farar roba. Ranar difens a kunna hotspot, a danna, esi ta yi ƙara, a tafa. An ci maki, an yi hoto, robar ta koma saman kabad ta sha ƙura.

Matsala ta farko, rimot kurma ne. Yana faɗa, ba ya ji. Ya ce wa esi ta tashi, amma ba shi da hanyar sanin ko ta tashi ɗin. A inda wuta take tsaye wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu kuwa, waya za ta nuna maka ɗaki yana digiri 22 alhali tun azahar aka ɗauke wuta, ko ta nuna maka a kashe take alhali an dawo da wutar cikin dare, esi ta tashi da kanta, domin da yawansu an ƙera su ne su ci gaba daga inda suka tsaya. Na'urar da za ta yi maka ƙarya a kan abu ɗaya tak da aka sa ta ta lura da shi, ina amfaninta?

Ta biyu, yawancin waɗannan na'urori, saƙon da ka tura daga kan katifarka sai ya je wata kwamfuta a wata ƙasa sannan ya dawo bangon ɗakinka. In babu data, ko sabis ya yi rauni, shi ke nan. Mun ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, Najeriya da maƙwabtanta na Afirka ta Yamma suka shiga wahalar sabis, ga azumi ga zafi. Su ma can ba su tsira ba: a watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya rufe kwamfutocinsa ba sanarwa, mutane suka wayi gari manhajar da suke kunna fitilun gidajensu da ita ta daina aiki. Idan haka ta faru da mai kuɗi a Amurka, yaya kake gani da mai shago a Balan wanda sai ya fita bakin titi yake samun sabis mai ƙarfi?

Amma duk waɗannan wasa ne a kan ta uku, ita ce wutar kanta. A takarda, wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Wanda ya zauna a ƙarshen layi, inda taransifoma ɗaya ke ɗauke da rabin gari, ya san akwai daren da ƙwan fitila zai yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa kamar mai jin barci. Idan wuta ta zo a haka, injin da ke cikin esi, kwamfiresa, yana jan wuta fiye da ƙima don ya iya juyawa, sai ya yi zafi, in aka ci gaba ya ƙone. Haka nan idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, kwamfiresa yana buƙatar kamar minti uku kafin iskar gas ɗin da ke cikinsa ta daidaita ya sake tashi lafiya. Mutum da ke cikin ɗaki yana ganin fitila ta yi ja zai miƙe ya kashe. Kai da kake Kasuwar Sabon Gari kana danna waya don ka tarar da ɗaki da sanyi, ba ka ga komai ba. Wato mun ɗauki aikin da mai ido yake yi mun ba makaho. Je ka tambayi masu gyaran esi da firji abin da ya fi kawo musu aiki a watan Afrilu, kuma ka tambayi kuɗin sabon kwamfiresa.

Kada ma a zo ga masu jona esi a ɗan soket ɗin Wi-Fi mai amfiya 10. Wannan neman gobara ne kawai.

To me ya kamata mu yi? A ganina mu juya tambayar. Kunna esi ba matsala ba ce a ƙasar nan, kowa ya iya. Kashe ta ce matsalar. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo ɗari biyu da 'yan kai. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin wajen yunit 1.2 a awa idan kwamfiresa yana aiki. Yi lissafi da kanka. Ofishin da aka tashi ƙarfe huɗu na yamma aka manta da esi, har takwas na safe awa 16 ke nan, kusan yunit 19 in ba ta huta ba, wajen naira dubu huɗu a dare ɗaya, an sanyaya kujera da fayil. Ofis goma, dubu arba'in. Kuma kowa a nan ya taɓa wucewa ta bayan wani ofis da daddare ya ji injin yana gurnani, ruwa yana ɗiga, ƙofa da kwaɗo. Galibi ba ganganci ba ne: an ɗauke wuta kafin a tashi, aka fita ba a kashe makunni ba. Amma kuɗin daga aljihun makaranta yake fita, kuma idan makaranta ta ji matsi mun san wuyan wa ake kamawa lokacin rajista. In kuwa janareto ne, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ba sai na yi bayani ba.

Saboda haka na'urar da ta cancanci sunan mai wayo a wurinmu ita ce wadda take auna ƙarfin wuta kafin komai, in ta ga ya yi ƙasa ta hana esi tashi. Ta ƙirga minti uku bayan an dawo da wuta. Ta san ko akwai mutum a ɗaki, in babu na rabin awa ta kashe. Ta auna abin da esi ke ja a zahiri, don abin da za ta gaya wa waya ya zama gaskiya. Kuma ta yi duk wannan ko babu intanet, in ma za ta yi magana da mai ita, ta turo masa tes a ƙaramar waya mai tocila. Babu ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfin ɗan ND 2. Ma'aunin wuta irin PZEM-004T, na'urar gane motsi, kwantakta mai ƙarfi, da ɗan allon SIM800L mai cin layin waya, duk abubuwa ne da ɗalibai suka saba taɓawa. Abin da ya rage shi ne tunani, shi ne kuma ba a kwafowa a YouTube.

Akwai kuma maganar digiri 16. Mutanenmu sun ɗauka in ka kai rimot 16 ɗaki zai fi saurin sanyi. A esi ta gama-gari ba haka ba ne, gudun kwamfiresa ɗaya ne, abin da kawai ka yi shi ne ka hana shi hutu. Indiya, wadda zafinta bai gaza namu ba, tun Janairu 2020 ta wajabta wa kamfanoni su riƙa fitar da esi a saite kan digiri 24. Japan kuwa tun 2005 take roƙon ofisoshi su tsaya a 28, ma'aikata su cire kwat da nakatayal. Na'urar da za ta riƙa mayar da esi ɗin ofis kan 24 duk lokacin da wani ya kai ta 16 za ta biya kuɗin kanta kafin zangon karatu ya ƙare, ko da za ta jawo wa mai ita harara.

Na san abin da wasu za su ce. Su ce, malam, esi nawa ce a Balan gaba ɗaya? Masu sayen irin wannan kaya suna Nassarawa GRA da Abuja, can kuɗi yake, ɗalibi kuma yana son abin da zai ci abinci da shi. Gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi kasuwa. Sai dai mai gida a GRA ba zai sayi farar robarka ba, zai aika a kawo masa ta kamfani daga Beirut Road ko ya yi oda a intanet, ta fi taka kyau, wataƙila ma ta fi araha. A can ba za ka iya gasa da Sin ba. Inda za ka fi su shi ne inda ba su sani ba. Injiniyan da ke Shenzhen bai taɓa kwana a garin da wuta ke zuwa rabi ba, bai ga Oktoban 2024 ba lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako cikin duhu. Kai ka gani.

Kuma a ƙauyukan Gaya da Ajingi, ƙarancin esi ba ya nufin babu abin da ke buƙatar sanyi. Mai kemis yana da magungunan da aka rubuta a kwalinsu kada su wuce digiri 30, a garin da rana ke haura 40 a bazara, ƙarƙashin rufin kwano. Allurar rigakafin yara a ƙaramin asibiti tana son tsakanin digiri 2 da 8, in ta wuce haka ta iya lalacewa ba tare da ido ya gani ba. Mai sayar da ƙanƙara da ruwan leda ya zuba jarinsa a firiza. Wanda ya sa sola yana son esi ko firji su yi aiki da rana tsaka lokacin da faranti ke kawo wuta, su tsaya kafin su zuƙe batir, domin batir ya fi komai tsada a haɗin. Duk waɗannan aiki ɗaya ne da na esi: a auna, a kunna, a kashe, a sanar da mai shi. Allon da ka haɗa wa esi, shi ɗin ne dai, tambayar ce kawai ta canja.

Ba nesa da Gaya ba, a Dutse, an yi wani malamin foliteknik, marigayi Mohammed Bah Abba. Ya ɗauki tukunyar ƙasa ya sa a cikin wata, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsotsewa yana tafiya da zafi, kayan miyan da ke lalacewa cikin kwana uku suka koma yin makonni. Hikimar tsohuwa ce, duk wanda ya sha ruwan randa ya san ta, amma shi ya gyara ta ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ba cewa nake mu bar lantarki mu koma ginin tukwane ba. Mutumin dai ya fara ne da kallon abin da ke ruɓewa a hannun manomi, mu kuma muna farawa da abin da muka gani a bidiyo.

Ga malamanmu masu duba furojet, da girmamawa, muna roƙon a ƙara sharaɗi ɗaya. Duk wanda ya kawo na'urar sarrafa esi, ranar difens a kashe hotspot a gani ko za ta yi aiki. A zare filogi a mayar nan take a gani ko za ta jira. A rage mata wuta da bariyak ɗin ɗakin gwaji a gani ko za ta ƙi tashi. Wanda ya tsallake waɗannan ukun ya cancanci makinsa.

Ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai kuma, maimakon a jira lokacin kamfe a yi mana alƙawarin esi a ɗakin karatu, a nemi izinin hukumar makaranta a ba 'yan lantarki ofis biyu masu esi iri ɗaya na wata guda. Ɗaya a sa masa na'urar ɗalibai, ɗaya a bar shi yadda yake, kowanne da mitarsa. A ƙarshen wata a liƙa yunit ɗin da kowanne ya ci a allon sanarwa, a buga a wannan mujalla. 'Yan Gaya da Ajingi da ke cikinmu kuwa, idan kun je hutu ku ɗauki mita, ku auna wutar gidanku safe da yamma na mako biyu, ku rubuta lokacin da take zuwa da ƙarfin da take zuwa da shi, ku kawo wa masu furojet ɗin baɗi kafin su zaɓi take.