Labarin ƙasashen nesa: garin tsofaffi da ƙananan motocinsu

A ƙasar Amurka, cikin jihar Fulorida, akwai wani gari sunansa The Villages. An gina shi don mutanen da suka kai shekara 55. Ƙidayar shekarar 2020 ta samu mutum fiye da dubu 79 a cikinsa.

Garin yana da faɗi ƙwarai. Daga gida zuwa kasuwa ko wurin likita akwai nisa. Mai sauran ƙarfi yana takawa da ƙafa da sanyin safiya. To, mai ciwon gwiwa fa? In ba abin hawa, sai ya zauna ɗaka shi kaɗai.

Shi ya sa mutanen garin ke hawan wata ƙaramar mota. Asalinta ta masu wasan ƙwallon golf ce. Girmanta kamar amalanke. Wata da batir take aiki, wata da mai. Gudunta ba ya wuce kilomita 32 cikin awa guda.

An yi wa motocin hanyarsu dabam, fiye da kilomita 150. Inda za su ƙetare babbar hanya, an yi gada ko hanyar ƙarƙashin ƙasa, don kada manyan motoci su buge su.

Amma fa akwai haɗari. Motar ba ta da ƙofa. In an sha kwana da gudu, mutum na iya faɗowa. A shekarar 2023 jihar ta yi doka: yaron da bai kai shekara 18 ba, sai da takardar tuƙi.

Ba abinci kaɗai tsoho ke bukata ba. Yana bukatar hanyar da za ta kai shi cikin mutane lafiya.