A Daina Kiran Gangancin Ned Stark Da Sunan Mutunci

Tun 1996 da marubucin Amurka George R. R. Martin ya fitar da A Game of Thrones, masu karatu ke makokin Ned Stark. Da tashar HBO ta mai da labarin fim mai dogon zango a 2011, makokin ya iso wayoyinmu. Hukuncin da aka yanke wa mutumin iri ɗaya ne ko'ina: wai kirkinsa ne ya kashe shi, wai mai gaskiya ne ya faɗa cikin kuraye. Mu dai ba mu yarda ba. Abin da ya kai Ned ga hauni shi ne rashin sanin wanda ake gaya wa magana da wanda ake ɓoye wa. Wanda bai karanta littafin ba ya sani, za mu tone masa ƙarshen labari.

Sarki Robert ya naɗa amininsa Ned waziri, ya taho da shi daga Winterfell zuwa babban birni. Can Ned ya gano cewa 'ya'ya ukun da sarauniya Cersei ta haifa ba na sarki ba ne, na ɗan'uwanta Jaime ne. Wannan sirri ne da zai iya kifar da mulki. To, wa ya fara tunkara da shi? Ita sarauniyar. Ya kira ta kurmin ibada na fada, ya shaida mata ya san komai, ya ce ta kwashe 'ya'yanta ta gudu kafin sarki ya dawo daga farauta. Mai laifi ta san abin da ke hannun waziri da ranar da zai yi amfani da shi, sarki kuwa bai san komai ba.

Masu kare shi za su ce tausayi ne. Ned ya san yadda aka kashe ƙananan 'ya'yan Yarima Rhaegar lokacin da aka ci birnin, ba ya son a sake. Mun yarda niyyar mai kyau ce. Amma a lokacin da yake tausayin 'ya'yan Cersei, nasa 'ya'yan mata biyu, Sansa mai shekara 11 da Arya mai shekara 9, suna kwana cikin fadar nan. Me ya hana shi ya fara sa su a jirgin ruwa, ya ga sun bar gaɓa, sannan ya buɗe baki? Tausayin da ya fara da 'ya'yan maƙiyi ya bar na gida a bakin wuta akwai gyara a cikinsa.

Da aka dawo da Robert, gadun daji ya farke masa ciki, Ned ya sake samun dama. Sarki na faɗar wasiyya yana rubutawa. Inda sarki ya ambaci sunan Joffrey, sai Ned ya rubuta magaji kawai, bai gaya masa dalili ba, wai don kada ya ƙara masa baƙin ciki. Ga mutum ɗaya tilo da kalmarsa a gaban shaidu za ta iya warware rikicin gado, shi aka rufe wa magana. Ned ya fito da takardar da shi kansa ya san ya taɓa ta, yana zaton za ta tsare shi. Cersei ta yayyage ta a gaban 'yan majalisa.

Haka ya yi wa 'yarsa. Ya ce wa Sansa ta haɗa kaya za a mai da ita gida, kada ta gaya wa kowa, bai bayyana mata haɗarin da ke tattare da sarauniya ba. Yarinya ce da aka yi wa baiko da yarima, tana ganin sarauniya kamar uwa. Sai ta tafi wajen sarauniya ta kai kuka, ta zayyana shirin duka. Masu karatu da yawa har yau suna tsine wa Sansa. Mu muna ganin laifin uban da ya ɗora wa 'yar shekara 11 sirri, ya hana ta dalilinsa.

Sai babbar ta'asa, wato Petyr Baelish, ma'ajin sarki. Wannan mutum ya so Catelyn, matar Ned, tun suna yara, har ya yi fito-na-fito da Brandon, yayan Ned, a kanta, ya sha kashi. Da bakinsa ya gargaɗi Ned kada ya amince da shi. A daren ƙarshe ya ba Ned shawara ya bar Joffrey kan gado ya riƙe mulki a madadinsa. Ned ya ƙi, ya ce sai Stannis, mutumin da Baelish ya san ba zai bar shi kan muƙaminsa ba. Duk da haka, wannan Baelish ɗin Ned ya ɗora wa sayo masa dogaran birni su 2,000. Ba wa kura ajiyar nama ke nan, bayan kurar ta ce tana jin yunwa. A daren nan kuma Renly, ƙanin sarki, ya yi masa tayin mayaƙa 100 a kama yaran sarauniya kafin gari ya waye, Ned ya ce ba zai firgita yara ba. Abin lura, wanda ya ga wannan ƙazanta ce bai ga ƙazantar cin hanci ba, muddin wani ne zai miƙa kuɗin.

Da a ce kansa kaɗai ya jawo wa, da mun yi shiru. Amma barorin da suka biyo shi daga arewa an karkashe su a cikin fada: Tomard, wakilin gida Vayon Poole, malamar yara Mordane. Sansa ta zama garkuwa, Arya ta shiga duniya. Shugaba ba shi da ikon yin kyauta da rayukan da aka ba shi amana don ya kwanta da zuciya fara.

Akwai kuma wasu masu karatun da suka ɗauko darasi mafi muni, wai littafin ya nuna gaskiya ba ta biya, a zama Baelish kawai. Su ma sun kauce. Martin bai hukunta Ned don ya ƙi ƙarya ba. Ai Ned ya iya ɓoye magana: shekara 14 ya hana matarsa sanin ko wace ce uwar Jon Snow. A ƙarshe ma ƙarya ya yi a bainar jama'a, ya amsa laifin cin amanar da bai yi ba don ya ceci Sansa, aka kuma sare masa kai. Mutum ne mai iya riƙe ciki, sai dai ya riƙe wa masoya, ya sakar wa maƙiya.

Wannan muhawara ta shafe mu, domin marubutanmu na intanet sun duƙufa wajen rubuta labaran sarauta da makircin fada. Sau nawa muka karanta jarumin da ya bayyana shirinsa ga baiwar da kowa ya san 'yar rahoto ce, ko jarumar da ta ɓoye wa mijinta kalma ɗaya da za ta kashe rigimar shafi 300? Ana yin haka don labari ya yi tsawo, sannan a ce mana halin kirki ne. Martin aƙalla ya sa gangancin Ned ya fito daga tarihinsa, ya kuma sa an biya farashinsa da jini. Wanda zai kwaikwaye shi ya kwaikwayi wannan.

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutumin kirki a wurinmu har da hankali ake auna shi, da sanin inda magana za ta sauka kafin a sake ta. A ji tausayin Ned, ya cancanta. Amma kada a miƙa wa 'ya'yanmu shi a matsayin abin koyi, kada kuma a bar Sansa da ɗaukar laifin ubanta.