Ra'ayinmu: Motar Tururi, Maganin Hayaƙi ko Gatarin Daji?

Duk wanda ya biyo ta Ƙofar Mata da yamma, ya nufi Kasuwar Kurmi a lokacin da 'yan kasuwa ke tashi, ba sai an ba shi labarin hayaƙin birnin Kano ba. Idanunsa da maƙogwaronsa za su gaya masa. Ga Adaidaita Sahu jere kamar jerin gwano, ga tsofaffin motoci suna tari, ga ƙananan janareto masu shan fetur gauraye da baƙin mai a bakin kowane kanti. In kuwa hunturu ya shigo, hazo ya danne hayaƙin a ƙasa, to daga kan Dutsen Dala da ƙyar mutum zai hango Goron Dutse. A cikin wannan iska ƙannenmu ke zuwa makarantar allo, a cikinta kuma iyayenmu ke zaune a zaure.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, kowa ya shiga neman abin da zai tuƙa mota ban da fetur. A ɗakunan kwananmu da wuraren shan shayi, wata magana ta yi ta yawo a tsakanin ɗalibai, watau me zai hana mu koma ga injin tururi? Masu wannan ra'ayi sun ce injin tururi ba ya zaɓen abinci, zai ci gawayi, zai ci kara, zai ci buntun shinkafa, kuma hayaƙinsa bai kai na fetur guba ba. Mun ga maganar ta cancanci a duba ta da idon basira, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma masu yinta ba su yi don wasa ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Injin fetur yana ƙona mai a cikin cikinsa, ta hanyar 'yar fashewa da ke maimaita kanta sau dubbai a minti ɗaya, ita ke tura fistin. Da yake kowace ƙonewa gajera ce ƙwarai, man ba ya cinyewa sarai, sai ragowarsa ta fito ta salansa, tare da wata iskar guba marar launi marar wari wadda takan kashe mutane in sun kwana da janareto a ɗaki. Shi kuwa injin tururi, wutarsa a waje take. Ana hura ta a ƙarƙashin tukunyar ruwa, ruwan ya tafasa ya zama tururi mai ƙarfi, tururin ya tura fistin. Wutar tana ci a hankali ba yankewa, kamar ta murhu mai samun iska, don haka man yana ƙonewa sosai. A nan masu goyon bayansa sun yi gaskiya. In aka ba injin tururi kananzir ko iskar gas, aka daidaita wutarsa, gubar da zai fitar ba ta kai ta tsohon injin fetur ba. Ba shi da yawan ƙara, kuma yana da ƙarfin jan kaya daga tsaye ba tare da giya ba.

Mu Kanawa ba baƙin tururi ba ne. A 1911 layin dogo da aka faro daga Baro ya iso Kano, kuma injin tururi ne ya jawo jirgin farko har tashar da ke wajen ganuwa. Shi ya kwashe gyaɗar da ta yi dalar da ake labari, wadda ta ɗaga attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Amma mu tuna abin da ya ci kafin ya yi wannan aiki. Ya ci kwal, da fari na Ingila, daga baya na Inugu, wanda aka gano a 1909 aka kuma fara kai shi Fatakwal ta layin dogo a 1916. A ramin haƙar kwal ɗin nan na Kwarin Iva ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a watan Nuwamba na 1949. Ya kuma sha ruwa ba kaɗan ba, shi ya sa ake kafa tankuna a tashoshi. Dattawan da suka yi zamani da shi suna tuna baƙin hayaƙinsa da tokar da ke ɓata riga. Daga shekarun 1950 hukumar jiragen ƙasa ta fara sauya shi da injin dizal, ba don ƙiyayya ba, sai don lissafi. Kowa ya tuna bara, in ji Bahaushe, bai ji daɗin bana ba. Amma bara ma tana da nata ciwon.

Lissafin kuwa shi ne zuciyar maganar. Daga cikin kashi 100 na zafin da kwal ya bayar, jirgin tururi bai fi amfani da kashi 6 zuwa 8 wajen juya ƙafafunsa ba, saura duk ya bi iska. Injin fetur na mota yakan ci moriyar wajen kashi 25 zuwa 30, na dizal kuwa yakan kai kashi 40. Ƙaramin injin tururi na mota, ko da an ƙware wajen ƙera shi, yana ƙasa da na fetur nesa. Ma'anar wannan ita ce, don tafiya daga Ƙofar Kabuga zuwa Sabon Gari, sai ya ƙona abin da ya fi na fetur yawa. Iskar kabon mai ɗumama duniya kuwa tana bin yawan abin da aka ƙona ne, ba ruwanta da ko wutar a ciki take ko a waje.

Turawa sun riga mu gwada wannan hanya, har sau biyu. A farkon ƙarni na 20 motocin tururi suna gogayya da na fetur a Amurka. A 1906 wata motar kamfanin Stanley ta yi gudun da ya haura kilomita 200 a awa ɗaya a gaɓar teku a Fulorida, abin da babu motar fetur da ta yi a lokacin. Amma sai direba ya jira tukunya ta tafasa kafin ya tashi, sa'an nan ya yi ta tsayawa neman ruwa. Da Ford ya fito da mota mai araha a 1908, aka kuma sa wa motar Cadillac abin tayar da inji na lantarki a 1912, sai kasuwar tururi ta mutu. An sake tono maganar a farkon shekarun 1970, lokacin da hayaƙi ya addabi biranen Kalifoniya. Aka ƙera bas-bas masu tururi aka sa su ɗaukar fasinja don gwaji. Hayaƙinsu ya ragu, lalle, amma man da suka sha ya kusa ninka na bas ɗin dizal. Ana cikin haka rikicin mai na 1973 ya ɓarke, daga 1975 kuma aka fara sa wa motocin fetur na'urar tace hayaƙi a salansa. Aka naɗe tabarmar tururi.

To, sai masu ra'ayin su ce, ai mu ba mai za mu ba shi ba, gawayi za mu ba shi. A nan ne muka fi jin tsoro. Buhu ɗaya na gawayi yakan ci icen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye, in ta hanyar gargajiya aka ƙona shi. Yanzu ma, da girki kawai, motocin itace da gawayi ba sa yankewa a hanyoyin shigowa Kano, kuma dazuka irin na Falgore suna shan sara. Mu ƙaddara dubban Adaidaita Sahu sun koma cin gawayi, kowace tana buƙatar buhunta kullum. Itace nawa zai rage tsakaninmu da hamada? Ƙasashen Afirka sun amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007 don tare hamada, jiharmu kuwa tana cikin waɗanda abin ya shafa. Ba zai yiwu mu dasa da hannun dama mu sare da na hagu ba. Ban da haka, tsabtar hayaƙin da ake yabon tururi da ita ta kananzir da gas ce. Wutar itace da kara tana fitar da toka da ƙurar da ke shiga huhu. Gudun gara ke nan, a faɗa gidan zago.

Sai maganar ruwa. A unguwannin cikin birni da yawa famfo yakan yi kwanaki bai kawo ba, 'yan garuwa ke rufa asiri. Injin tururi kuwa ba kowane ruwa yake sha ba. Ruwan rijiya mai kanwa da gishiri yakan bar dasashi a cikin bututun tukunya, ya toshe shi, ya sa ta fashe. Gaskiya ne akwai dabarar mayar da tururi ruwa a sake amfani da shi, amma na'urar tana da nauyi, kuma ba ta aiki sosai a zafin bazarar Kano. Mu kuma yi tunanin tukunya mai wuta da matsin tururi tana kutsawa cikin lungunan Jakara da Yakasai, inda yara ke wasa a bakin ƙofa, kuma babu hukumar da za ta riƙa auna lafiyar kowace tukunya.

Kada a ɗauka mun raina tururi. Har gobe da shi ake samar da kaso mafi tsoka na lantarkin duniya, kuma babbar tashar Egbin da ke Legas da tururi take juyawa. Sirrin shi ne girma da zama wuri ɗaya. Inda tukunya take babba, a kafe, da ma'aikata masu kula da ita, da hanyar tace hayaƙi, to tururi yana biyan kuɗinsa. Masana'antun rake sun daɗe suna ƙona totuwar rakensu su sami wuta. Mu kuma muna da tsibin buntun shinkafa a Kura da kewayen masana'antun casar shinkafa, wanda sau da yawa ake banka wa wuta a fili, hayaƙin ya tafi a banza. In da za a ƙona shi a tukunyar zamani, a turara shinkafa da tururin, a kuma juya janareto, da an sami lantarkin da zai iya cajin batirin keke mai ƙafa uku. Ta haka buntu zai tuƙa Adaidaita Sahu ba tare da an ɗora mata murhu ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, injin tururi ba maganin hayaƙin titunan Kano ba ne, kuma a ƙasar da itace da ruwa suke ƙaranci, cutarsa za ta fi amfaninsa. Muna kira ga 'yan'uwanmu na sashen injiniya da su juya hazaƙarsu ga tukunyar buntu da kara ta kafe, su auna, su rubuta abin da suka gani, mu kuma za mu buga. Muna kira ga yayyenmu da suka fara aikin gwamnati da su dage kan abubuwan da aka tabbatar da amfaninsu: manyan bas masu bin lokaci, binciken hayaƙin ababan hawa ba tare da karɓar na goro ba, horar da kanikawa kan gyaran inji da sauya shi zuwa iskar gas, da bin kadin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Bas ɗaya mai lafiya zai ɗauki fasinjan Adaidaita goma sha biyar, da inji ɗaya.

Kakanninmu sun gina ganuwa don tsare birni daga mahara. Maharin yau ta hanci yake shiga, ɗan'uwansa kuma yana tahowa daga arewa da yashi. Allah ya ba mu basirar da za mu kori na farko ba tare da mun buɗe wa na biyu ƙofa ba, amin.