Bayan Yariko, Akwai Ai

Dukanmu mun san yadda daren ƙarshe na taron farkawa yake. An yi waƙa, an yi kuka, matasa sun fito gaba sun durƙusa. Wani ya yi alkawarin barin caca ta waya, wata ta goge lambar da ta san ba alheri a cikinta. Bayan mako uku sai mu tarar da kanmu a ramin da muka fito. Kunya ta kama mu, mu fara fashin zuwa zumunta, Shaiɗan kuwa yana raɗa mana cewa tuban nan wasan kwaikwayo ne kawai. Ƙarya yake yi. Nasarar ta gaskiya ce. Abin da muka yi bayanta ne ya ka da mu.

Mu buɗe Joshuwa sura 6 zuwa 8. Isra'ilawa sun kewaye Yariko kwana bakwai, garun birnin ya rushe ba da ƙarfin hannunsu ba. Gari na gaba shi ne Ai. 'Yan leƙen asiri suka komo suka ba da shawara kada a wahalar da jama'a duka, tun da mutanen garin kaɗan ne. Aka aika wajen mutum 3,000. Mutanen Ai suka kore su, suka kashe wajen 36, zuciyar jama'a ta karai. Mutanen da babban birni bai gagare su ba, ƙaramin gari ya sa su gudu.

Me ya faru? Abu biyu.

Na fari, reni. Kafin Yariko, Ubangiji ne ya ba da umarnin yadda za a yi yaƙin. Kafin zuwan farko Ai, ba mu karanta inda aka nemi nufinsa ba, shawarar 'yan leƙen asiri kawai aka bi. Haka muke yi. Lokacin da jarabar take da girma a idonmu, muna azumi, muna addu'a, muna neman taimako. Da muka sami sauƙi sai mu ce mun fi ƙarfinta. Mu koma zama a majalisar da muka bari, mu riƙe waya har ƙarfe ɗayan dare mu kaɗai a ɗaki. Ɗan hakin da ka rena, shi ke tsone maka ido. Shi ya sa Bulus, a 1 Korantiyawa 10:12, ya ja kunnen mai ganin ƙafarsa ta kafu, ba wanda ya riga ya faɗi ba.

Na biyu, ɓoyo. A tsakiyar nasarar Yariko, Akan ya ɗauki kyakkyawar riga, da azurfa shekel 200, da zinariya mai nauyin shekel 50, ya binne su cikin alfarwarsa. Ya fito cikin masu murna, amma da guntun Yariko a ƙarƙashin shimfiɗarsa. Mu tambayi kanmu: me muka rage? Mun bar cacar amma asusun yana nan a buɗe. Mun rabu da saurayin amma hotunansa suna cikin waya. Abin da muka ajiye don wata rana, ranar za ta zo.

Ku lura kuma, an sanar da jama'a tun jajibere cewa da safe za a yi bincike. Aka bi kabila kabila, dangi dangi, gida gida, Akan yana shiru. Bai buɗe baki ba sai da aka nuna shi. Wannan ba tuba ba ne, kamu ne. Hukuncinsa ya yi tsanani, zunubinmu ma bai fi nasa sauƙi ba. Bambancin shi ne Yesu ya ɗauki namu hukuncin a kan gicciye, 1 Yahaya 1:9 kuwa ta tabbatar mana akwai gafara da tsarkakewa ga mai bayyana laifinsa. To, me muke jira? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu faɗa wa Allah, mu kuma faɗa wa wani amintaccen mai bi wanda ya girme mu cikin bangaskiya.

Mu ma da muke ikilisiya da namu laifin. Idan matashin da ya ba da shaida jiya ya faɗi yau, mukan ce dama mun sani. Irin wannan baki ne ke koya wa yara binne abu cikin alfarwa. Galatiyawa 6:1 ta ɗora mana aikin komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, muna lura da kanmu. Horo yana da wurinsa, amma manufarsa maidowa ce, ba tonon silili ba.

Labarin bai ƙare da gudu ba. A sura 8, Ubangiji ya ƙarfafa Joshuwa, ya sa ya tafi da mayaƙa duka, suka ci Ai. Kwarin Akor ma, inda aka hukunta Akan, shi ne Allah ya yi alkawari a Yusha'u 2:15 zai zama mashigin bege.

In ka faɗi cikin makon nan, kada ka jira taron baɗi. Tono abin da ka binne yau, ka nemi ɗan'uwan da zai tsaya tare da kai, ranar Lahadi kuma ka zo sujada. Ubangiji ya riƙe ƙafafunmu. Amin.