Sharhi: Kindirmon Belel da lissafin abinci na Abuja

Tun da Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan wadatar abinci a watan Yulin 2023, muhawarar Abuja ta tsaya ne kan yawan buhuna da farashinsu. Ba kasafai ake tambayar me abincin ke yi a jiki bayan cika ciki ba, alhali binciken likitanci ya koma kan wannan tambaya.

Hanji matattara ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki da ɗimbin ƙananan halittu. Idan halittun nan suka samu dusar hatsi da ganye, sukan samar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji, su lafar da kumburi. Saƙon yakan isa ƙwaƙwalwa ta jini da kuma jijiyar vagus. A 2015, masana a Freiburg ta Jamus sun nuna cewa ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa ba sa ƙosawa a ɓerayen da aka raina babu halittun hanji.

A 2010, an kwatanta yaran wani ƙauyen Burkina Faso masu cin gero da dawa da yaran Italiya, aka samu waɗannan sinadarai sun fi yawa a hanjin yaran ƙauyen. A 2021, jami'ar Stanford ta Amurka ta gwada mutum 36 na mako 10: waɗanda suka yawaita abincin da aka bari ya yi tsami sun samu raguwar sinadaran kumburi 19 a jini.

Irin wannan cima, wato kindirmo, fura, daddawa da miyar kuka, ita ce ta yau da kullum a Belel da ke iyakar Adamawa da Kamaru, da kasuwannin Mubi. Sai dai madarar da ba a tafasa ba na iya ɗauko tarin fuka daga shanu, hatsin da ya yi fumfuna kuma na ɗauke da guba.

Nan aikin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo yake, wadda aka ƙirƙiro a 2024 aka damƙa wa Idi Mukhtar Maiha, ɗan Adamawa. Masu tsara shirin ciyar da ɗalibai su ma ya kamata su duba: tallafa wa matan Fulani da wurin tafasa madara da sanyaya ta, da duba lafiyar shanu, ya fi maye gurbin ƙwaryar nono da madarar gari da biskit.