Sakatar da ta hana bindiga tsufa

Duk wanda ya taɓa kulle ƙofar zaure da sakatar ƙarfe ya san dabarar da wannan rubutu ya ginu a kanta: a tura sakata gaba, a murɗa hannunta ya faɗa cikin tsaga, sai ƙofa ta ƙi buɗuwa ko da an banke ta. A ganina wannan 'yar murɗawa ce ta sauya tarihin bindiga fiye da kowace ƙirƙira, kuma ita ce dalilin da ya sa matsalar makamai ba ta mutuwa da kanta.

Bindigar maharbanmu ta gargajiya ta baki ake ɗura ta, gindinta a toshe yake. Da aka koma sanya harsashi ta baya, sai aka buɗe ƙofa a daidai fuskar mai harbi. Idan albarushi ya kama, matsin da ke cikin bututu kan ninka na iskar da muke shaƙa sau fiye da 3,000, kuma yadda yake tura harsashi gaba haka yake tura kwanso baya. Dole a sami abin da zai tare shi.

Johann von Dreyse ya fito da sakata mai juyawa a bindigar da sojojin Prussia suka karɓa a 1841, ko da yake hayaƙi na tsiyaya ta bayanta. Bayan Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884, matsi ya ƙaru, aka bukaci kulli mai ƙarfi. Mauser ta 1898 ta sanya haƙora biyu a kan sakatar: suna shiga gurbinsu da zarar an murɗa ta rubu'in zagaye, sai ƙarfe ya tokare ƙarfe.

Daga baya aka ɗauke aikin daga hannun soja aka miƙa wa hayaƙin kansa. A Garand ta Amurka ta 1936 da kuma AK-47 ta Mikhail Kalashnikov, ana satar ɗan hayaƙi ta wani rami a jikin bututu ya tura sanda baya. Wata karkatacciyar tsaga ce ke murɗe sakatar. Kafin ta gama juyawa harsashi ya fice, matsi ya sauka. Wannan jinkiri na ƙiftawar ido shi ke tsare idon mai harbi.

Wani zai ce harsashi da siyasar Yaƙin Cacar Baka ne suka yaɗa AK a duniya. Da gaskiyarsa. Amma siyasa ta kai bindigar ne kawai. Haƙoran nan biyu masu kauri, waɗanda ƙura da ƙarancin mai ba su cika hana su aiki ba, su suka raya ta bayan gwamnatocin da suka saye ta sun shuɗe. Makaman da suka fantsama cikin Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 shaida ne.

Saboda haka duk hukumar da ta ƙwace irin waɗannan bindigogi ta jibge su a ɗakin ajiya, ta jinkirta masifa ne kurum. Abin da ya kamata shi ne a rubuta lambar kowacce, a yanke ta ko a narkar da ita a gaban jama'a. Shekaru ba za su yi mana wannan aikin ba.