BA A AUNA ALHERIN ALLAH DA YADI



Kowace shekara, da kaka ta yi, an sayar da wake da gyaɗa da auduga, ikkilisiyoyinmu na karkara sukan tara kuɗi su aiki mutum biyu ko uku zuwa Kano, su sayo ankon Zumuntar Mata da tufafin Kirsimeti. Kantin Kwari ake nufa, can wajen Fagge, babbar kasuwar tufafi wadda fatake ke zuwa sari tun daga Nijar da Chadi da Kamaru. Wanda ya taɓa shiga ya ga atamfa da shadda da leshi, dila bisa dila. In yamma ta yi, manzanninmu su ƙetara Sabon Gari su kwana wurin 'yan'uwa, da safe su kamo hanyar gida. Ba mu ga aibu a wannan ba. Abin sha'awa ne a ga iyayenmu mata sun fito da zane iri ɗaya suna yabon Allah.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo bayan zanen nan a wata ƙungiyarmu ta gama kai. Akwai wata gwauruwa wadda wuta-wuta ta cinye mata dawa. Ba ta iya biyan kuɗin anko ba, katinta na zakka kuma da giɓi. Sai aka ce ta koma bencin baya. Da damina ta matso aka zo rabon takin zamani na rance, aka tsallake sunanta, wai ba ta cika ƙa'idar ikkilisiya ba. Alhali kuwa rancen da ta taɓa karɓa ta biya shi har kobon ƙarshe. Mu da muke wannan rubutu muna zaune a taron, ba mu ce uffan ba. Domin haka laifin namu ne duka.

Bari mu ɗauki darasi daga Kwari ɗin. Ciniki mai yawa a can bisa amana yake tafiya. Mai kanti yakan ba abokin cinikinsa kaya, ya tafi ya sayar, sa'an nan ya kawo kuɗi. Amma ba kowa ake ba ba, sai wanda aka gwada aka ga yana cika alkawari. A kasuwa wannan daidai ne. Kuskurenmu shi ne mun ɗauka haka Allah yake yi da mu, watau sai mun nuna masa littafinmu babu giɓi kafin ya karɓe mu. Bishara ba haka ta ce ba. Manzo Bulus ya koya wa Romawa, a sura ta 5, cewa Almasihu ya mutu dominmu tun ba mu da wani abin kirki da za mu nuna. Ga Afisawa kuma, a sura ta 2, ya bayyana cewa ceto kyauta ce da ake karɓa da bangaskiya, don kada kowa ya sami abin fariya. Bashin Kwari ana biya. Wannan kuwa wani ya riga ya biya, an yage takardar.

Gardamar nan tsohuwa ce. A Ayyukan Manzanni sura ta 15, waɗansu sun nace cewa sai al'ummai sun yi kaciya kafin su sami ceto. Aka taru a Urushalima, Bitrus ya kira wannan ƙari da suna karkiya. Mu masu shanun huɗa mun san abin da karkiya mai nauyi take yi wa wuyan ɗan maraƙi. Bitrus ɗin ma ya yi tuntuɓe a Antakiya, ya janye daga cin abinci tare da al'ummai don tsoron bakin mutane, har Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Yakubu kuma, a sura ta 2, ya yi faɗa da masu ba mai kyawawan tufafi wurin zama na gaba su tura matalauci gefe. Kamar ya ga bencinmu na baya. A kan wannan magana ce Martin Luther ya tashi a ƙasar Jamus a shekara ta 1517. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, ba mu da hujjar cewa ba mu sani ba.

Wani dattijo zai ce, "To, in aka saki doka, ai ƙungiya ta mutu, kowa ya ci bashi ya kwanta." Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, ba kuwa za mu raina ta ba. Tilas a rubuta rance, tilas a biya, tilas ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa. Bulus da kansa ya gargaɗi malalata a Tasalonika, Yakubu kuma a sura ɗin nan ya nuna cewa bangaskiyar da ba ta haifar da aiki ba ta da rai. Amma a lura da abin da ke gaba da abin da ke biye. Itacen mangwaro yana ba da 'ya'ya domin yana da rai. Ba a ɗaura wa busasshen itace mangwaro da igiya a ce ya rayu. Wanda ya san yawan bashin da aka yafe masa shi ne yakan fi kowa riƙon amana.

Saboda haka ga shawararmu ga kwamitocin ƙungiyoyi. Na ɗaya, a duba abu biyu kaɗai wajen ba da rance: mutum yana da gonar da zai zuba takin, kuma yakan biya? Zane da katin zakka su tsaya a inda suke. Na biyu, wanda fari ko ƙwari suka ɓata wa amfani a ƙara masa lokaci, kada a haɗa shi da wanda ya ƙi biya da gangan. Na uku, in za a tafi Kwari a sayo turmi biyu ko uku daga asusun zumunta, a kai wa gwauraye a ɓoye. Wadda ba ta samu ba ta shigo da abin da take da shi, ta zauna inda ta saba. Na huɗu, horon ikkilisiya domin komo da ɗan'uwa ne. Kada a mai da shi hanyar hana 'ya'yansa tuwo.

A watan Agusta na 2022 ruwan sama ya malale Kantin Kwari, ya shiga kantuna ya ɓata kaya masu yawa. Ko zanen da ya tsira, wanki da rana za su kashe masa launi. Me zai sa mu auna 'yar'uwarmu da shi? Kafin a sake rabon taki, kowane magatakarda ya buɗe littafinsa ya duba sunan da aka tsallake, kwamiti kuma ya je har gida ya nemi gafara. Mu ma namu zuwan yana jiranmu.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku, ya ba mu damina mai albarka. Amin.